TARIHIN DIMITIRI MENDELEYEF, MARAYAN DA YA JERA SINADARAN DUNIYA SAHU-SAHU

'Yan uwa mazauna Minna da kewaye, na Limawa da Kwangila da Unguwar Daji da Bosso da Tunga, har da na Canchaga. A wannan fili mun saba kawo tarihin malamai da sarakuna da attajiran da suka riga mu gidan gaskiya. A wannan fitowa kuwa za mu ƙetara har ƙasar Rasha, kuma ga dalili.

Duk wanda yake da ɗa ko 'ya a ajin kimiyya na sakandare ya taɓa ganin wata takarda mai gidaje-gidaje kamar hatimi, kowane gida da harafi ɗaya ko biyu da lamba a samansa. Tana bangon littattafansu, tana manne a bangon aji, kuma babu shekarar da hukumar NECO, wadda hedikwatarta ke nan garinmu, ba ta yin tambaya a kanta. Mu da muka yi Islamiyya muka faɗa kasuwa, da muka fara ganinta mun ɗauka wani lissafi ne na Turawa da bai shafe mu ba. Sai da yaranmu da ke karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya suka zaunar da mu suka warware mana, sannan muka gane ashe hajarmu ce aka jera a ciki: gishiri, kanwa, farar wuta, tagulla, azurfa, zinariya, tutiya, kuza, dalma, zaiba, har da takin zamani. Sunan takardar jadawalin sinadarai, kuma mutumin da ya tsara ta sunansa Dimitiri Mendeleyef.

An haife shi ran 8 ga Fabrairu 1834 a yankin Tobolsk, can cikin Saiberiya, inda sanyi ke daskarar da kogi har doki ya ja keke a kansa. Shi ne auta a gida mai 'ya'ya fiye da goma. Mahaifinsa, Iban, shugaban makarantar sakandaren garin ne, amma a shekarar da aka haifi yaron yanar ido ta rufe masa gani, ya rasa aikinsa, aka bar shi da ɗan fansho da ba ya kai wa ko'ina. Sai ɗawainiyar gida ta koma kan uwar, Mariya. Ita kuwa 'yar gidan fatake ce, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Danginta suna da wata tsohuwar masana'antar gilashi a wani ƙauye kusa da Tobolsk, ta karɓe ta, ta tayar da ita, da ita take ciyar da gida. A nan yaron ya tashi yana kallon yadda ake narka yashi da toka a wuta su zama kwalba. Wanda ya taɓa zuwa unguwar Masaga a Bida ya ga masu narka gilashi suna yin munduwa da duwatsun wuya, ya san irin abin da idon yaro zai sha kallo a wurin.

A 1847 uban ya rasu. A 1848 masana'antar ta ƙone ƙurmus. To a nan ne muke so iyaye su tsaya su yi tunani. Mace gwauruwa, shekaru sun ja, jari ya tafi a gobara, ga yaro ɗan shekara sha biyar wanda ko a makaranta ba shi ne na ɗaya ba, domin ya tsani darasin harshen Latin. Da a cikinmu ne, da yawa za su ce ya isa haka, a nema masa wurin wani maigida ya koyi ciniki. Ita ba ta yi haka ba. Ta tattara abin da ya saura, ta ɗauki yaron da yayarsa mace, suka kama hanyar Mosko a keken doki, tafiyar kusan kilomita 2,000, a lokacin da babu jirgin ƙasa a Saiberiya. Da suka isa, jami'ar Mosko ta ƙi karɓarsa, wai bisa doka ɗaliban Tobolsk jami'ar Kazan ce tasu. Ba ta juya gida ba, ta ƙara gaba zuwa San Fitasbag, babban birnin ƙasar a wancan zamani. A 1850 aka ɗauke shi a babbar kwalejin horon malamai, wadda mahaifinsa ma ita ya yi. Watanni kaɗan bayan haka ta rasu, ba ta ci ko kwabo daga karatun ba. Shekaru 37 bayan rasuwarta, a 1887, ya rubuta wani babban littafi ya sadaukar da shi gare ta.

Ya gama kwaleji a 1855 da lambar zinariya, amma jikinsa ba daɗi, yana tarin jini, har likitoci suka zaci tarin fuka ne. Aka tura shi koyarwa kudu inda ake da ɗumi, yankin Kirimiya, ya tarar ana yaƙi an rufe makarantar, ya wuce Odesa. Ya warware, ya dawo San Fitasbag. Daga 1859 zuwa 1861 gwamnati ta tura shi ƙaro ilmi a Haidalbag ta Jamus.

Kafin mu ci gaba sai mun ɗan yi bayani, don kada mu bar wasu a baya. Masana sun gano cewa duk abin da muke taɓawa a duniya an gina shi ne daga wasu sinadarai na asali, waɗanda ba a iya farfasa su su koma wani abu dabam ta hanyar dafawa ko narkawa ko haɗawa. Zinariya ɗaya ce daga cikinsu, haka ƙarfe, haka farar wuta. Gishiri kuwa haɗi ne na biyu, sodiyam da kulorin. Kowane sinadari yana da ƙwayar zarra tasa, mai nauyinta. A zamanin Mendeleyef an san guda 63, amma a warwatse suke kamar rumfar da aka zube kaya babu tsari, kuma ko a kan nauyin ma masanan ba su daidaita ba, kowa da mudunsa. A watan Satumba 1860 aka yi babban taron masana a garin Karlsruhe na Jamus, wani Ba'italiye mai suna Cannizzaro ya nuna hanyar da za a bi a sami awo ɗaya. Mendeleyef yana wurin, yana ɗan shekara 26, kuma abin ya zauna masa a rai.

Da ya koma gida ya sha fama da bashi, har ya zauna ya rubuta littafin karatu cikin 'yan watanni a 1861, littafin ya ci kyauta, ya sami na biya. A 1865 ya zama farfesa a jami'ar San Fitasbag. Ya duba bai ga littafin da ya gamshe shi da zai koyar da ɗalibai ba, sai ya ce bari ya rubuta nasa. A nan ne matsala ta taso: da wane sinadari zai fara, wanne zai biyo baya? Duk ɗan kasuwa ya san wannan ciwon kai, domin mai kanti ba ya ajiye sabulu kusa da sukari, kuma yaron shago nagari shi ne wanda ko cikin duhu zai miƙa hannu ya ɗauko abin da aka tambaya.

Abin da ya yi shi ne ya jera su daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi. Yana cikin jerawa sai ya lura cewa halayensu suna zagayowa, kamar yadda ranar kasuwa ke zagayowa. Ka fara da litiyam, ƙarfe mai laushi, ka ƙirga gaba, na takwas shi ne sodiyam, mai hali irin nasa sak. Ka sake ƙirgawa, ka faɗo kan fotasiyam, shi ma haka. Saboda haka duk inda hali ya zagayo sai ya yanke layi ya fara sabo, har 'yan gida ɗaya suka sami kansu a sahu ɗaya. Ran 1 ga Maris 1869 ya kammala jadawalin farko ya aika maɗaba'a. Ana ba da labarin wai a mafarki ya gani, wasu kuma su ce da katunan karta ya yi ta jerawa, amma mutumin da ya shekara kusan goma yana juya abu a ransa, ko ya yi mafarkinsa ba abin mamaki ba ne. Wani abin dariya, ranar da aka karanta takardarsa a gaban ƙungiyar masana sinadarai ta Rasha, shi ba ya nan, abokinsa Menshutkin ne ya karanta, domin shi ya tafi ƙauyuka duba masu yin cuku.

Bari mu ɗan zagaya cikin jadawalin kamar yadda yake a yau, a ga abin da ake nufi. Sahun farko na hannun hagu, daga sama zuwa ƙasa, su ne su litiyam, sodiyam, fotasiyam. Dukkansu wuƙa tana yanka su kamar sabulu, kuma ba sa shiri da ruwa, shi ya sa a cikin mai ake ajiye su. Litiyam in an jefa shi a ruwa sai ya yi ta tsuwa a hankali, sodiyam ya yi ta gudu a kan ruwan yana narkewa, fotasiyam kuwa nan take ya kama da wuta. Wato ana sauka, zafin rai yana ƙaruwa. Litiyam shi ne a batirin wayoyinmu, sodiyam yana cikin gishiri da kanwa, fotasiyam yana cikin ruwan toka da takin zamani. Kun ga ashe iyayenmu mata da ke sa ruwan toka a miya in babu kanwa, ɗan'uwa suke sawa a madadin ɗan'uwansa.

Can hannun dama kuma akwai gidan su fulorin, kulorin, buromin, ayodin. Biyun farko iska ne, buromin ruwa ne, ayodin kuwa daskararre ne, wato ana sauka suna ƙara nauyi da kauri. Sai dai su nasu zafin ran a sama yake: fulorin ya fi kowa faɗa, ayodin ya fi sanyin hali. Kulorin shi ake sa wa ruwan famfo, ayodin kuma shi ake sa wa gishiri don maganin maƙoƙo. To ga ikon Allah: sodiyam mai tashin hankali a ruwa, kulorin iska mai guba da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma in suka haɗu sai su zama gishirin da muke aunawa a mudu, wanda babu miyar da ke daɗi sai da shi.

In kuma aka bi layi a kwance daga hagu zuwa dama, sai a ga hali yana sauyawa sannu-sannu. Daga sodiyam sai magniziyam, sai alminiyam na tukwanenmu, duka ƙarafa. Sai silikon na cikin yashi, wanda ya tsaya tsaka-tsaki, shi ba ƙarfe ba shi ba akasinsa ba. Sai fosfaras na ashana, sai farar wuta, sai kulorin, waɗanda ba su da alaƙa da ƙarfe ko kaɗan. Ƙwayar zarra tana ƙara tsukewa in ana tafiya dama, tana ƙara girma in ana sauka ƙasa. A tsakiyar jadawalin kuma tagulla da azurfa da zinariya suna sahu ɗaya, ɗaya bisa ɗaya, kuma duk wanda ya san tarihin kuɗi ya san da su ukun nan aka fi buga tsaba tun zamanin dinari da dirhami.

Gaskiya ba shi kaɗai ya hango wannan zagayowa ba. Wani Bature ɗan Ingila, Newlands, ya faɗi kusan haka wajen 1865 aka yi masa dariya, wani Bajamushe kuma, Lothar Meyer, ya yi nasa jadawalin a lokaci guda da shi. Abin da ya ɗaga Mendeleyef sama da su shi ne ƙarfin hali. Inda ya ga nauyi da hali sun saɓa, sai ya bi hali: ya sa teluriyam gaban ayodin ko da yake ya fi shi nauyi, don ayodin ya zauna da danginsa. Inda ya ga awo bai yi daidai da gida ba, sai ya ce masu awon ne suka yi kuskure. Yuraniyam, wannan da ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, a lokacin an ce nauyinsa 120, shi ya ce a ninka ya zama 240, kuma aka zo aka tarar 238 ne. Mafi girma duka, ya bar gidaje babu kowa, ya ce akwai masu su, ba a dai gano su ba tukuna. A 1871 ya zauna ya siffanta uku daga cikinsu dalla-dalla, nauyinsu da kaurinsu da irin haɗin da za su yi, alhali babu mahaluƙin da ya taɓa ganinsu. Wannan kasada ce irin ta wanda ya karɓi kuɗin kaya tun ayari bai taso ba. Da abin bai zo daidai ba, da sunansa ya zube.

A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano sabon ƙarfe ya sa masa suna galiyam. Mendeleyef ya karanta labarin ya ce ai wannan nawa ne, wanda ke ƙarƙashin alminiyam. Ya ce nauyinsa zai kai wajen 68, aka sami kusan 70. Amma Bafaranshen ya auna ya ce ƙarfen ya fi ruwa nauyi sau 4.7, shi kuwa Mendeleyef, daga San Fitasbag, bai taɓa riƙe ƙarfen a hannu ba, ya aika cewa a sake aunawa, kamata ya yi a sami wajen 5.9. Mai kaya ya sake tace kayansa ya auna, sai ga 5.9. Galiyam ɗin nan yana narkewa a zafin digiri 30, wato a tafin hannu ma zai narke, balle a ranar Minna ta watan Maris. Yau yana cikin fitilun zamani marasa cin wuta da muke sayarwa. A 1879 Nilson na ƙasar Suwidin ya gano na biyu, sikandiyam. A 1886 Winkler na Jamus ya gano na uku, jamaniyam: Mendeleyef ya ce 72, aka sami 72 da 'yar ɗoriya. Daga nan bakin masu musu ya mutu.

Jamaniyam ɗin nan gidansu ɗaya da gawayi da silikon a sama, kuza da dalma a ƙasa. A nan sai mu yi hattara, domin zama 'yan gida ɗaya bai sa hali ya zama ɗaya ta kowace fuska ba. Kuza, wadda kakanninmu da yawa suka je haƙa a Jos, da ita ake shafe cikin gwangwanin abinci. Dalma da ke ƙarƙashinta kuwa guba ce, jiki yana karɓarta kamar sinadarin gina ƙashi, ta je ta lalata ƙwaƙwalwar yaro. Ba mu manta ba, a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara, sannan a 2015 yara 28 suka rasu a nan jiharmu, a ƙaramar hukumar Rafi, duk saboda dutsen zinariya mai haɗe da dalma da ake kawowa cikin gida ana dakawa, ƙura tana sauka inda yara ke rarrafe. Allah Ya jiƙansu. A cikin masu sayen zinariyar nan da masu kai wa mahaƙa kaya akwai namu, kuma zaibar da ake kama zinariya da ita a ƙona, hayaƙinta ma guba ne. Har tozalin dutse da ake sa wa jarirai, mafi yawansa dalma ce haɗe da farar wuta. Wannan bayani yaro ɗan aji huɗu na sakandare zai iya yi wa mahaifinsa, in an bar shi ya kai aji huɗun.

Mu koma ga mai tarihi. Mutum ne mai gashi buzu-buzu da gemu, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma in ya gaji da karatu sai ya zauna yana haɗa akwatunan tafiya da hannunsa. Ba ya zama wuri ɗaya. Ya yi ta zuwa Baku duba rijiyoyin man fetur, a 1876 ya je Amurka ya ga yadda suke nasu a Fensilbaniya, ya yi aiki a kan takin gona da kwal da harajin kayan shigowa. A 1887, yana da shekara 53, ya hau balan-balan shi kaɗai ya tashi sama don ya kalli husufin rana. Ta fuskar iyali kuwa akwai abin faɗa: ya rabu da matarsa ta fari a 1882 ya auri wata yarinya, Anna Popova, tun kafin cikar wa'adin da cocinsu ta gindaya masa, abin ya jawo surutu ƙwarai. Masu cewa wai shi ya tsara ƙarfin barasar Rasha kuwa, ƙage ne aka jingina masa saboda ya yi digirinsa na dakta a 1865 kan yadda sinadarin ke gauraya da ruwa.

A 1890 ɗalibai suka rubuta koke, shi ya ɗauka ya kai wa ministan ilmi. Minista ya mayar masa da takardar tare da jan kunne, shi kuwa ya ajiye aikin jami'a bayan shekara fiye da talatin yana koyarwa. A 1893 aka ba shi shugabancin hukumar awo da ma'auni ta ƙasar, kuma a wannan aiki ya ƙare rayuwarsa. Wannan ɓangare ya fi taɓa mu 'yan kasuwa. Ya sabunta ma'aunan asali na ƙasa, ya sa aka buɗe ofisoshi a garuruwa inda ake kawo sikeli da duwatsun awo a gwada su a buga musu hatimi, dokar 1899 kuma ta halatta amfani da kilo da mita. Ya ɗauki mata aiki a hukumar a lokacin da ba a saba ba. Mu da aka karantar da mu Suratul Muɗaffifina tun muna yara, muka kuma san mudun da aka bubbuge gindinsa da sikelin da aka danne, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Bai kuɓuta daga kuskure ba. Da aka gano iskar argon a Ingila a 1894, ya yi ta jayayya cewa ba sabon sinadari ba ne, don bai ga gidan da zai sa ta ba. Sai da aka gano 'yan uwanta, su niyon, sannan ya yarda aka ƙara sahu guda a gefe, na waɗanda ba ruwansu da kowa, ba sa haɗuwa da wani. Argon ɗin ita ce wadda wasu masu walda ke amfani da ita. Haka kuma zuciyarsa ba ta kwanta da maganar cewa ƙwayar zarra tana da 'ya'ya a cikinta ba, alhali nan ne sirrin jadawalinsa yake. A 1913 wani saurayi ɗan Ingila, Moseley, ya nuna cewa abin da ke ba kowane sinadari gidansa shi ne lambarsa, wato yawan cajin da ke cibiyar ƙwayar, nauyi kuwa rakiya yake yi. Teluriyam 52, ayodin 53, ashe jerin da tsohon ya yi daidai ne. Daga baya aka fahimci cewa 'yan sahu ɗaya suna kama da juna ne domin yawan ilektaron da ke zagayen waje na ƙwayoyinsu ɗaya ne. Shi Moseley an kashe shi a yaƙi a 1915 yana ɗan shekara 27.

Ingila ta ba Mendeleyef lambobin girma a 1882 da 1905, amma majalisar masana ta ƙasarsa ta ƙi zaɓensa cikakken wakili a 1880. A 1906 kwamitin kyautar Nobel ya gabatar da sunansa, aka juya aka ba Moissan na Faransa, wanda ya fara ware fulorin. Ran 2 ga Fabrairu 1907 ya rasu a San Fitasbag sakamakon ciwon huhu, saura kwana shida ya cika shekara 73. Ranar jana'izarsa, cikin tsananin sanyi, ɗalibai suka ɗaga babban allon jadawalin suna tafe da shi cikin masu rakiya har maƙabartar Volkovo, inda aka binne mahaifiyarsa tun 1850.

A 1955 masana a Kalifoniya ta Amurka suka ƙera sabon sinadari mai lamba 101, suka sa masa suna mendelebiyam, a daidai lokacin da Amurka da Rasha ba sa ga-maciji. Yau gidajen jadawalin 118 ne, layi bakwai cif. Wanda yake so ya ga gidan mai tarihin, ya ce wa yaronsa ya buɗe bangon littafi, ya duba layin can ƙasa wajen hannun dama, zai ga harafin M da d.